Saba Tana Neman Malam Habu

Jama'a, yau na'ura ta sa ni kuka a ofis!

Da safe na ɗora sabuwar manhajarmu a kan saba, wato babbar kwamfutar kamfaninmu. Ta ƙi tashi! Wai ba ta ga fayil ɗin da ke haɗa ta da rumbun bayanan kamfani ba. A kwamfutata kuwa lafiya lau take aiki.

Na kashe saba na sake kunnawa. Shiru!

Sai na natsu na karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. Wallahi sunan Malam Habu na gani! Marigayi Malam Habu na Ƙofar Marusa, wanda ya koya mini aikin nan. Ashe a foldarsa ya ajiye fayil ɗin, daga can saba take ɗauka duk shekarun nan.

Na kira shugabarmu, Hajiya Binta, ta zo ta gani. Ta ce, "Innalillahi! Jiya bayan sadakar arba'in aka goge foldarsa."

Na ce, "Hajiya, ga shi kuwa ana nemansa."

Ta juya baya tana share ido da mayafi.

Na sauko da wani kwafin fayil ɗin. Amma zuciyata ta ƙi yarda in canza hanyar da saba take bi ta ɗauko shi. Na sake buɗe folda da sunansa, na sa shi ciki. Nan take manhaja ta tashi.

Allah Ya jiƙan Malam.