Shekarar da Kawu Ɗan Azumi Ya Cika Bakwai

Kuma kada ka soma ce mini wai takarda ba ta ƙarya, don ni Balki da idona na ga takarda ta mai da mai gemu yaron goye. Ba labari aka ba ni ba. Kawuna ne, ƙanen babata da ta haife ni, gidansu na manne da namu, in ya yi atishawa mu ke ce masa sannu.

Sunansa Ɗan Azumi, a azumi aka haife shi, cikin bazara. Noma yake yi, da rani ya tufka igiya ya kai kasuwar Tanout. Mutum ne dogo, sanƙo tun daga goshi har ƙeya, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu. Halinsa guda ne, ba ya musu. Ka ce masa Kawu, jakinka ya haifi kaza, zai ce "To, madalla." Abu biyu kawai yake tsoro a duniya, kunama da takarda mai hatimi. Kunama ma yakan taka ta da takalmi.

Garinmu ƙarami ne, Rijiyar Dodo ake ce masa, don wani tsoho Dodo shi ya haƙa rijiyar, yana nan da ransa, haƙori biyu suka rage masa. Mu a nan ba wanda ya san wata alif ɗari tara da kaza. In ka tambayi mutum yaushe aka haife shi, cewa zai yi shekarar fāra, ko shekarar da raƙumin maigari ya ciji liman, ko shekarar da rijiyar Dodo ta rufta. Kowa ya gane, zance ya ƙare.

To da ranin 1964 aka turo wani akawu daga biro, wato ofishin gwamnati, ya rubuta mutane. Ɗan ƙwalisa, da tabarau da alƙalami uku a aljihu. Ya zo da wata doguwar takarda wadda ya ce ita ce ke juya shekarunmu su koma na nasara. Gefe ɗaya an rubuta abin da ya faru, ɗaya gefen lamba. Ka ce shekarar fāra, ya bi da yatsa, ya ga lamba, ya rubuta. Ni na yi lakwal, makarantar boko, shekara uku kafin a kore ni saboda baki, sai na leƙa ta kafaɗarsa na gani: rijiyar Dodo ta rufta, 1957.

Abin da akawu bai sani ba, kuma bai tambaya ba, rijiyar nan sau biyu ta rufta. Ta farko tun Dodo yana saurayi. Ta biyu shekara bakwai da suka wuce, ina ma wurin, har da gugan babata a ciki.

Ranar da aka zo kan gidan Kawu, ya tafi kasuwa da igiyoyinsa. Kakata Iya Tabawa ce ta amsa.

"Ɗan Azumi yaushe aka haife shi?"

"Shekarar da rijiya ta rufta, ɗan nan. Cikin azumi, ana zafi."

"Hajjo fa?" Hajjo 'yar Kawu ce ta uku.

"Ita ma shekarar da rijiya ta rufta. Cikin azumi, ana zafi."

Akawu ya ce, "Tagwaye ke nan." Iya kunnenta ɗaya ba ya aiki, ta ce "Amin." Ya rubuta ya wuce.

Aka manta. Damina ta sauka, ta yi kyau, geron Kawu ya yi kai kamar taɓarya. Ana shirin yanka, maigari ya sa aka yi shela cewa nan da kwana ashirin za a saki dabbobin makiyaya da ke tahowa daga wajen Tarka su shiga gonaki. Wanda bai kwashe geronsa ba, kada ya zo yana kuka. Kawu ya wasa wuƙarsa.

Washegari sai ga gardi, dogarin gwamnati, a kan raƙumi da takarda mai hatimi. Duk yaron da aka haifa a 1957 ya tafi lakwal. Ya tsaya gindin bishiya yana kiran suna, iyaye na turo yara. Ya kira Hajjo, ta fito tana jan hanci. Ya kira Ɗan Azumi. Ya sake kira. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

Gardi ya ce, "Baba, ina yaron?"

"Ni ne."

"Ɗanka nake nufi."

"Ranka ya daɗe, duk garin nan Ɗan Azumi ɗaya ne."

Gardi ya dubi takarda, ya dubi gemu, ya sake duban takarda. Ya ce shi dai suna talatin aka ba shi, kai talatin zai kai, in ya so can su ƙarata. Na ce, "Kawu, ka yi magana mana!" Kawu ya ga hatimi. Ya ce, "To, madalla."

Wayyo cikina. Da ka ga Kawu a aji. Benci na yara ne, gwiwoyinsa suka taho har kunnuwa. An zaunar da shi kusa da Hajjo tunda tagwaye ne. Malamin, Mushe Yahuza, don mu duk ɗan boko Mushe muke ce masa, yaro ne ɗan ashirin da biyu, bai kai Kawu kafaɗa ba. A waje sai ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana, yaya gida?" Da an shiga aji sai ya ce, "Ɗan Azumi, tofar da goron nan." Kawu ya tofar. Mushe ya ce shi ba shi da ikon sallamarsa, in mai duba lakwal ya zo kawunan yara yake ƙirgawa, in an rasa ɗaya shi za a kama. Sai dai a gyara daga biro.

Kullum da safe Mushe yakan rubuta kwanan wata a allo, rana da wata da shekara, ya tambayi yara. Ran nan ya ce, "Ɗan Azumi, yau nawa ga wata?"

Kawu ya miƙe, benci ya miƙe tare da shi. Ya ce, "Tara ga wata, Mushe, na ga tsayuwarsa da idona. Jibi kasuwa. Saura kwana goma sha uku a saki dabbobi."

"Watan nasara nake tambaya."

"Ai ban ga tsayuwar wannan ba."

Hajjo kuwa ta samu abin yi. Tana dawowa gida take kai rahoto: "Inna, yau Baba ya kwafi nawa. Inna, yau an sa Baba ya durƙusa." Matarsa Zainabu ta daina dariya tun kwana na uku, don geron yana tsaye a gona, tsuntsaye na biki, kowa kuma yana fama da tasa gonar. Kawu yakan je bayan an tashi lakwal ya yanka dami ɗaya ko biyu kafin magariba. Gonar da ke ba da dami tamanin! Zainabu ta ce mini, "Balki, ke ce mai bakin da ba ya mutuwa, in raƙuma suka cinye geron nan, takardar za mu dafa?"

Sai na ɗaura ɗamara. Mushe ya ce a biro shaidu biyu ake so, tsofaffi, waɗanda suka san haihuwar mutum. Na ɗora Iya Tabawa a jaki ɗaya, tsoho Dodo a ɗaya, Kawu ya roƙi izini wajen Mushe kamar yaron kirki, muka kama hanya. Saura kwana takwas.

Bari in gaya maka yadda Iya ke ajiye shekaru, don ita ba ta yarda da ƙwaƙwalwa ba. Kowane ɗa nata yana da tsummansa a cikin wata tsohuwar tukunya. Duk azumin da ya zo sai ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a tsumman kowa ta ƙulle. Dodo kuma damina yake ƙirgawa. Yana da sanda, tun ruftawar farko duk damina sai ya yi mata tsaga ɗaya da wuƙa, wai don ya ga shekara nawa sabon gini zai yi.

Muka tarar da akawun nan dai, da alƙalumansa uku. Na ce, "Mushe, ga ɗan shekara bakwai mun kawo maka." Kawu ya cire hula.

Akawu ya ce, "Sanƙo ba shaida ba ne. Jarirai ma da shi ake haifarsu."

"Gemun fa?"

"Ni ba gemu aka ce in rubuta ba. Ina shaidu?"

Iya ta kwance tsumma a kan teburinsa, ƙwallayen dabino suka watse har ƙarƙashin kujera. Muka tsince, aka ƙirga, arba'in cif, har da azumin da aka haife shi a ciki. Dodo ya miƙa sandarsa, akawu ya bi da farce, talatin da tara.

Akawu ya jingina ya ce, "Kun gani? Shaidu sun saɓa. Wannan ta ce arba'in, wannan ya ce talatin da tara. Ɗayanku maƙaryaci ne."

Tabɗi. Iya, da kunnen nan nata da ba ya ji, wannan kam ta ji. Ta juya kan Dodo. "Kai Dodo, tun kana saurayi ba ka iya ƙirga ba, shi ya sa rijiyarka ke faɗuwa."

"Ke Tabawa, wa ya sani ko kin tsotsi dabino kin jefa ƙwallon a ciki don kwaɗayi?"

"Ni? Da haƙoranka biyu kamar ƙofar rumbu!"

Akawu ya ƙara da cewa ai ko ba wannan ba, an ce masa cikin azumi, cikin zafi, to ya duba littafinsa, azumin 1957 cikin zafi ya faɗo, magana ta yi daidai. Kawu ya buɗe baki, na san "madalla" ce za ta fito, na taka masa ƙafa.

Na ce, "Mushe, kai da ka yi karatu da yawa, azumi a wuri ɗaya yake zama? Bana da sanyi muka yi shi. Da ina ƙarama da zafi muka yi. Iya ta ce ta taɓa yin sa ana shuka. Kullum baya-baya yake ja, kwana goma sha ɗaya duk shekara, har ya zagayo inda ya taso. Kafin ya zagayo sai an yi shekara talatin da wani abu, kuma ya tsere wa damina da ɗaya. Shi ya sa Iya ta fi Dodo da ɗaya. Shi ya sa duk ruftawar biyu suka faɗo cikin zafi. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa da abin da yake ƙirgawa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Aji nawa kika yi?"

"Uku. Korata aka yi."

"Na ga alama."

Amma ya ɗauki alƙalami. Ya yi ta lissafi a bayan ambulan, ya ja da baya damina talatin da tara, ya tsaya a 1926. Ya ce a shekarar nasara Kawu talatin da takwas yake. Kai jama'a, mutum ɗaya, arba'in a tsumma, talatin da tara a sanda, talatin da takwas a biro, bakwai a lakwal.

Sai ga wata kuma. Takardar haihuwar da zai ba Kawu tana da gida uku, rana, wata, shekara, kuma ba a barin gida ba kowa. Akawu ya tambayi rana. Iya ta ce ranar da aka dafa wake. Ya rubuta ɗaya ga Janairu.

Kawu, a karo na farko a rayuwarsa, ya yi musu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan watan ai sanyi ake yi. Ni da zafi aka haife ni."

"Gidan nan lamba yake ci, ba ya cin zafi. Duk wanda bai san ranarsa ba nan muke zuba shi. Rabin ƙasar nan ranar aka haife su."

Ya buga hatimi. Ina kallo ya jawo doguwar takardar nan tasa, ya goge 1957 da ke gaban rijiyar Dodo, ya rubuta 1926. Na ce, "Mushe, ka ƙara layi mana, ta farko da ta biyu." Ya ce layi ɗaya aka ba kowane abu, kuma in fita.

Muka iso gida saura kwana shida. Kawu ya kai wa Mushe Yahuza takarda, ya mai da allo da alli, ya yi wa 'yan ajinsu sallama ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa gona kamar an kunna shi. Ni da Zainabu muna ɗauri, har Mushe ya zo ran Lahadi ya yanka tafin hannunsa ya koma. Dami na ƙarshe yana kan Kawu raƙumin farko ya sa wuya ta kan shinge. Saba'in da ɗaya muka samu, tsuntsaye sun ci tara, Allah ya isa.

Bayan wata ɗaya gardi ya dawo da wata takardar. An gyara rajista. Duk wanda aka haifa shekarar da rijiya ta rufta, 1926 ne. Yara tara na lakwal sun zama 'yan talatin da takwas, an ce a cire su, sun wuce shekarun karatu, mazan ciki kuma su fito gyaran hanya da dagi. Hajjo, da ba ta gama famfara ba, yanzu sa'ar ubanta ce, ta kuma girmi uwarta da shekara takwas. Da safe ta zauna a kan turmi ta ce Zainabu ta zo ta gaishe ta. Ta sha muciya.

Kawu dai da aka karanta masa, ka san abin da ya ce. Yanzu da yamma Hajjo ke koya masa rubuta sunansa a ƙasa, ya kai harafi huɗu, suna faɗa kan wa zai riga sa hannu a tuwo tunda ba babba. Iya ta ce jibi mu sake ɗaura wa jaki shimfiɗa, ta kwanto tsumman Hajjo, dabino takwas ne a ciki.

To kai da kake ta taƙama da ranar haihuwarka a takarda, har da rana da wata, wa ya gaya wa akawun? Ka taɓa tambaya sau nawa rijiyar garinku ta rufta?