Baba da Murfin Injin Ban Ruwa

Ranar wata Asabar ce, a ranin shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, na iske Baba durƙushe a bakin kogi yana zagin injin ban ruwanmu kamar injin na da kunne. Baƙin mai ya malalo daga gefen murfin, ya ɓata ƙasa, injin ya ɗau zafi ya mutu. Bayanmu kuwa shinkafarmu ce, abincin gidanmu na shekara, ta fara fitar da kai tana neman ruwa.

Tsakanin murfin da kan injin akwai wata 'yar roba da ake kira jowan, ita ke hana mai fita. Mai sayar da ita a Malanville, garin da ke ƙetaren kogi, ya gaya wa Baba a gabana cewa a ɗaure bulon ɗin, wato notocin murfin, a hankali, wannan kusurwa sannan waccan, da zarar robar ta zauna a dakata. Baba ya gyaɗa kai, muna hawa gada ya watsar da zancen. Shi tsohon ɗan kokawa ne, a wurinsa duk abin da ke yoyo bai ji hannu ba ne. Yakan zura kile, wato sifana, a cikin guntun bututu don ƙarin ƙarfi, ya taka injin da ƙafa, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Robar sai ta baje ta leƙo waje, kwana kaɗan mai ya dawo. "Kayan zamani ba su da ƙwari," in ji shi, ya sake ƙetarawa sayen wata.

Mu ne muka sha wahalar wannan taurin kai. Duk ranar da injin ya tsaya, ni da ƙanena Sani muke ɗibar ruwa da bokiti daga kogi zuwa fadama, sawu bayan sawu, muna jiyo ihun tsaranmu suna wanka suna tsere a kan yashi. Wuyana ya sage, tafin ƙafata ya tsage, kuma ruwan bokiti ina zai kai? Gefen gonar na tudu ya yi ja muna kallo. Haushi kamar ya kashe ni, amma wa ya isa ya ce wa Baba ya yi kuskure? Inna ma da ta gwada, cewa ya yi ta tsaya a kan tukunyarta.

Ana cikin haka ƙayar ƙurungu ta soke shi a tafin hannun dama, hannun ya kumbura suntum. Ga sabuwar roba, ga shinkafa na mutuwa, dole ya miƙo mini kile. "Uwata, ɗaura da iya ƙarfinki," ya ce, don sunan mahaifiyarsa nake da shi. Ƙarfin 'yar shekara goma sha ɗaya nawa ne? Na bi kusurwa-kusurwa, na murɗa har inda hannuna ya tsaya. Aka tada inji, ruwa ya kwarara, ko ɗigon mai babu. Haka ya yi ta aiki har muka yanke abin da ya tsira, wajen rabin gonar.

Kada ku ɗauka Baba ya yarda. Cewa ya yi wannan karon an sayar masa da ta kirki. Da muka yi sabon dashe hannunsa ya warke, sai ya tafi da bututunsa, wai zai ƙarasa aikin da yarinya ta bari. Washegari mai ya dawo, na zauna a kan kunya na yi kukan takaici.

Yanzu a fadamar garinmu Gaya har injin mai aiki da hasken rana ake gani, makanikai kuma suna da kile mai yin ƙas idan ɗauri ya kai. Baba ya rasu bai ga wannan kile ba, kuma na san da ya gani, sai ya ƙara murɗawa bayan ƙas ɗin. Har yau ina jin haushinsa, amma da zai dawo, da na ɗauki bokitin na nufi kogi.