Tankar Jamus a Ƙarƙashin Takalmina

Duk kayan wasan yara da zan kai Kano, sai na taka shi da ƙafa kafin in yi oda. Abin da bai jure takalmina ba, ba zai kwana biyu a hannun yaran unguwarmu ba.

Ran nan a kasuwar Liwan, can ƙasar waje inda nake saro kaya, wani mai shago ya miƙo min tankar yaƙi ta roba, samfurin ta Jamus. Ta bakin tafinta ya yi ta cika baki, wai a yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ga harsashinsu yana dukan tankokin Rasha a banza, sai suka ƙera manyan igwa da wannan tanka mai kaurin jiki.

Na ajiye ta a ƙasa, na ɗora ƙafa. Nan take ta dare gida biyu.

Ya hau faɗa, wai mu 'yan Afirka ba mu san kaya ba.

Na ce wa tafinta, "Gaya wa laoban, wato mai shagon nan, da kayan Jamusawan suka ba su kunya, ba tsayawa zagi suka yi ba, masana'anta suka koma. Shi ma ya koma."