Akwatin da ke Sauraron Sama

Mai fenti ya zo gyara ɗakin bincike na jami'a, za a mayar da shi falon baƙin sabon shugaba. A baranda, cikin kayan da aka watso waje, wani tsoho na zaune. Kwat ɗinsa ta koɗe, gilashinsa ɗaure da zare. Yana rungume da akwatin ƙarfe da ya jona a bango, akwatin na yin ƙas, ƙas, shi kuma yana gyaɗa kai.

"Baba, me ke ƙara haka?"

"Baƙi ne, ɗana. Tauraro ya fashe can nesa, ya watso ƙwayoyin da ido ba ya gani. Duk wadda ta sauko nan, sai akwatin ya yi ƙas. Tun ina saurayi nake neman abin da ke ba su wannan gudu."

Mai fenti na kallon furfurar tsohon, yana ayyana 'ya'yan da suka girma ubansu na nan, kunnensa a sama.

Masinja ya fito, ko sallama babu, ya zare wayar akwatin, ya jona butar shayin shugaba.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Suna nan suna saukowa. Mu ne dai muka daina ji."