Maɓalli Talatin na Don Heriberto

Don Heriberto Cárcamo ya fi shekara arba'in yana ja wa gidajen garin Valdivia wayar lantarki, kuma duk tsawon shekarun nan labari ɗaya gare shi. Da zarar ruwan sama ya tsare shi a gidan da yake aiki, aka miƙo masa shayin ganyen mate, to sai kowa ya gyara zama.

Yana saurayi wata jami'a ta nemi masu taya ta bincike. Aka zaunar da shi gaban wani akwati mai maɓalli talatin. A ɗakin da ke gefe an ɗaure wani mutum a kujera ana yi masa tambayoyi. Duk wadda ya kasa, Heriberto ya danna maɓalli wuta ta ja mutumin, kowane maɓalli ya fi na baya zafi. Mutumin ya yi ihu, ya yi magiya, can ya yi tsit. Heriberto ya danna har na talatin. Sai da aka gama aka gaya masa ihun na wasa ne, babu wutar komai.

"Umarni aka ba ni," haka yake rufe labarin kullum. "Likita ne fa, da farar riga. Wa ya isa ya ce a'a?" Da wannan maganar yake samun barci, domin wuta sana'arsa ce, ya san abin da ƙarfin wutar maɓallin ƙarshe yake yi wa ɗan Adam.

Bayan ya tsufa, wata malamar jami'ar da ke sake nazarin tsohon binciken ta kawo masa kaset ɗin ranar. Matarsa, Doña Eduvigis, ta sauke kaskon suya ta zo ta zauna. Aka kunna.

Sai ga muryar likitan a tsawace: "Ci gaba. Ba ka da zaɓi."

"Wa ya gaya maka?" in ji muryar wani saurayi mai zafin kai. "Ni ba sojanka ba ne. Na fasa!"

Don Heriberto ya dubi matarsa, fuskarsa ta washe. Ya manta ya taɓa faɗin haka. Amma kaset bai tsaya ba. Likitan ya sassauta murya, ya kira shi da laƙabin gwanayen sana'a: "Maestro, don yaran da karatu ke yi wa wuya muke wannan aikin. Sauran duk tsoron na'urar suke. Kai ne kawai ka san wuta." Sai ƙas, ƙarar maɓalli. Daga nan ba a sake ba shi umarni ko sau ɗaya ba, har na talatin.

Malamar ta ce kada ya damu, da yawa haka suka yi: da an tsawata musu sai su turje, da an nuna musu alheri suke yi sai su zage damtse.

"Dama ni na yi mamaki, tsoho," in ji Doña Eduvigis. "Shekara arba'in ina ba ka umarni, ko ƙwan fitilar kicin ba ka canza ba."

Bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi, ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

Har yanzu in ruwa ya tsare shi yakan ba da labarin, ƙarshen ne kawai ya canza. In aka ce, "Ai dole aka yi maka, Maestro," sai ya ajiye kofin.

"Ba wanda ya yi mini dole," yakan ce. "Yaba ni aka yi."