Jirgin Ruwa a Gonar Dabino

A shekarata ta biyu ina karatu a Madina na ga jirgin ruwa a gonar dabino. A unguwar Ƙuba ne, yana ɗore kan tirela an lulluɓe shi da tsohon tamfol. Ni Bakatsine ne, teku ta tagar jirgin sama kaɗai na taɓa hangota, amma ko ni na san wannan ba wurin zamansa ba ne. Sai da na yi ta tambaya har aka haɗa ni da mai shi.

Wani makanike ne, Bahaushen Sudan, kowa Usta yake ce masa. Wani Bature da ya gama aiki a Yanbu, garin bakin teku, shi ne ya bar masa jirgin. Mai gadin gonar kuwa tsoho ne da muke ce wa Baba, wanda ya zo aikin hajji a ƙasa tun yana yaro, bai koma ba. Baba ba ya fita Madina ko kusa. Tsoronsa kada ajali ya riske shi a waje, ya rasa kwanciya a maƙabartar Baƙi'a. Shi ya sa na yi mamaki da Usta ya ce mini Baba ne da kansa ya roƙi a kai shi teku.

Sai dai Baba ya kafa sharaɗi: a fita bayan asuba, la'asar ta same shi a Masallacin Annabi. Yanbu da nisa, akori-kurar Usta kuma in tana jan tirela tafiyar jaki take yi. In aka cire zuwa da dawowa, abin da ya rage kaɗan ne, ga shi haɗa jirgin kaɗai yakan cinye wa Usta rabin safiya.

Usta ya yarda in bi su, muka shiga gwajin haɗa jirgin kowace Alhamis a gonar. A tayar da doguwar sandar tsakiya, a ɗaure igiyoyin da ke riƙe ta, a ɗaga shira'i, wato ƙyallen da iska ke turawa, a sauke, a sake. Ranar farko sandar ta maƙale a reshe, ɗanyen dabino ya zubo mana a ka. Maƙwabta Larabawa suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko sai an buɗe famfon ban-ruwa za mu tashi.

Ni tambaya ta hana ni aiki. Ya jirgi zai nufi inda iska take fitowa? Me katakon nan da ake zurawa ta ƙasansa yake yi? Usta ya ce in na ƙara tambaya igiya na hannuna, da ita zai ɗaure ni. A hankali muka gano dabara: igiyoyin gefe a bar su a ɗaure ko an kwantar da sanda, ta gaba kaɗai za a ja. Kowace igiya muka ƙulla mata tsumma mai launi daban, don ni sunayensu na Larabci sun ƙi zama. Ƙusoshi kuwa a hular Baba suke, shi ke miƙowa. Na tambaye shi me zai yi a teku, ya ce in kula da jan tsummana.

Ranar tafiya Baba ya sa jakarsa a gwiwa, Usta ya raɗa mini cewa likkafaninsa ne a ciki. Da muka isa bakin ruwa kowa ya kama aikinsa. Na ja igiyar gaba, sanda ta miƙe, hula ta miƙo ƙusa, Usta ya yi baya da mota har tayoyin tirela suka nutse. Shayin da muka zuba kafin mu fara bai huce ba jirgi yana kan ruwa. Na ji daɗi ƙwarai, har na manta ban iya iyo ba.

Da muka ɗan yi nisa Baba ya ce a tsaya. Usta ya saki igiya, shira'i ya yi ta kaɗawa. Tsohon ya dafa gefen jirgi, ya dubi ruwa, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen Baƙi'a. Ya daɗe yana addu'a kafin ya juyo.

"Innata tana nan," ya ce. "Da muke tsallakowa daga Sudan ta cika a jirgi, aka sauke ta a ruwa. Ita ce mai son Madina, ni biyo ta kawai na yi."

Duk tambayoyina suka gudu. Ya wanke fuska da ruwan gishirin, ya gyara jakarsa a gwiwa.

"Yalla, Usta, shi ke nan. Mai da ni gida."