Iro Mahaƙin Rijiya da Barcin Sajo

Duk Gangara ba wanda ya kai Iro mahaƙin rijiya son barci, kuma ba wanda ya kai shi ƙarfin dantse. Mu da muka tashi a unguwarsu mun sha yi masa tsiya a kan haka, shi ko sai dariya. Cewa yake barci hawa-hawa ne: akwai na sama-sama, akwai mai nauyi wanda a cikinsa naman jiki ke gyara abin da aiki ya ɓata, sannan na mafarki, sai a koma farko. Ko ma'aikacinsa ba ya tasa sai ya ga idonsa na motsi a ƙarƙashin fata.

A farin 1984 rijiyar makiyaya ta ƙafe. Sajo, wani Bafulatani, saura shanu tara gare shi cikin sittin, su ma ba za su iya tafiya wata mashaya ba. Ya roƙi Iro ya ƙara wa rijiyar zurfi, shi zai ja ƙasa.

Kai, ranar farko Sajo ya ba mu mamaki! Guga na fita kamar ba ƙasa a ciki. Rana ta uku kuwa igiya ta suɓuce masa, saura ƙiris guga ya fasa kan Iro. Iro ya fito yana huci.

"Yaushe rabonka da kwana?"

Sajo ya sunkuyar da kai. Ashe surukinsa, tsoho Dikko, ya sauka nan gindin gawon da ake hutawa, shi kuwa ina zai miƙe ƙafa ya yi minshari gaban suruki? Kwana uku a zaune yake, gyangyaɗi kawai. Ni abin har haushi ya ba ni.

Iro ya je ya durƙusa gaban Dikko. "Baba, kunyarka za ta kashe shanun ga. Hannun da bai kwana ba, ba shi jan igiya."

Tsoho ya naɗe tabarmarsa ya koma can bayan garke. Sajo ya zube ya kama barci tun la'asar.

Washegari da hantsi saniya guda ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba. Muka yunƙura mu tada Sajo, sai ga Dikko ya tare mu da sanda.

"Ku bar shi. Tashinsa ba shi tada ita."

Da Sajo ya farka ya ga mushen, ya yi hawaye, sannan ya kama igiya. Wallahi kamar an canza masa hannuwa! Muna ƙirga guga muna ihu. Kafin la'asar muryar Iro ta taso daga ƙasa: "Laka! Laka, jama'a!"

Ruwan farko jawur ya fito. Sajo ya ɗauka da kansa, yana kiran shanun da sunayensu. Takwas suka taso suna tangaɗi, suka sha.